Shekarar da Aka Guji Almakashina

Ku da kuke zaune a rumfar cajin waya kuna dariya wai yankan farce ma sana'a ce, ban ga laifinku ba. Ba ku taɓa riƙe ƙafar manomi a watan cirar gyaɗa ba. Ɗayanku ya ce da ɗan abin yankan nan na shago yake gama nasa kafin shayinsa ya huce. Na yarda. Amma farcen da bai taɓa komai ba sai gilashin waya ai ɓawon albasa ne. Ni Sule, da kuke ce wa Sule Ƙas-ƙas saboda ƙarar almakashina, tun gemuna yana baƙi ƙirin nake bin kasuwannin Zakirai da Gezawa da Minjibir, kuma na san ƙafafun iyayenku fiye da yadda na san fuskokinsu.

Ban shiga sana'ar nan da yarinta ba. Na riga na yi aure, har matata Hansai ta haihu. Gonar gadonmu da aka raba, abin da ya zo hannuna in ka tsaya a tsakiyarta ka yi atishawa, maƙwabta na gabas da na yamma duk za su yi maka addu'a. Rani ya yi, rumbu ya fara amsa kuwwa, sai na je wurin Baba Modu. Babarbare ne, kakanninsa suka zo daga Barno, amma shi haihuwar Zakirai ne, barbarcin da ya rage a bakinsa bai wuce na zagi ba. Shi ne mai yankan farcen da duk yankin nan aka sani.

Ranar da na je masa, bai miƙo mini almakashi ba. Zaunar da ni ya yi a benci, ya ce in cire takalmi. Ya dubi ƙafafuna ya yi salati, ya ce ya taɓa ganin irinsu amma a jikin jaki. Sannan ya ɗauko kwalbar ruwan sabulu, ya tsoma ɗan soso, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya yana jiƙawa. Ya yanka, ya bi gefe da gefe da 'yar wuƙarsa, ya ƙwaƙulo ƙasar da ta shekara a ƙarƙashi, ya kankare mini kaushin diddige har na ga wata sabuwar fata da ban san ina da ita ba. Da ya gama ya kama kowane yatsa ya ja, ya yi ƙas. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Na farka na ga yawu a gaban rigata, Baba Modu kuma yana cin goro yana kallona.

Ya ce, "To ka ji abin da ake sayarwa. Reza kowa yana da ita a gida. Mutum tun safe ana aikensa, ana binsa, ana yi masa tsawa. Nan ne kaɗai zai miƙe ƙafa wani ya durƙusa masa."

Kayan aikin ba su da yawa, duk suna shiga jakar fata ɗaya. Almakashi babba na ƙafa, ƙarami na hannu. 'Yar wuƙa mai lanƙwasasshen baki, wadda maƙeri yake ƙerawa, don ta kanti ba ta jure farcen ƙauye. Dutsen wasa wuƙa, kwalba, soso, tsumma, sai 'yar kujerar da ba ta ɗaukar fiye da rabin mazaunan mutum. Abin da na fara koya shi ne tafiya ina kaɗa almakashi. Kuna ganin wasa ne, amma sautin nan shi ne tallanka. In ka kaɗa da sauri a ce mahaukaci ne, in ka kaɗa a sanyaye a ce mayunwaci. Bayan nan ya sa ni feraye ɗanyen dankali da wuƙar, ɓawon ya fita siriri ba tare da na ci naman ba. Dankalin da na ɓata a damina ta farko shi muka riƙa dafawa, har Hansai ta ce in dai wannan ce sana'ar, gara in koyi ta mahauta.

Na farkon da na yi wa aiki ni kaɗai wani mai sayar da tukwane ne a Gezawa. Babban yatsansa na dama farcen ya nutse cikin nama, ya kumbura, yana ɗingishi. Irin wannan ba ka sa masa almakashi kai tsaye. Za ka jiƙa shi sosai, ka yi ta jan mutumin da hira har ya manta da ƙafarsa, sannan ka zura bakin wuƙa a hankali ka ɗaga gefen farcen ka cire ɗan tsinin da yake sukarsa. Tsinin nan bai kai ƙwayar gero ba. Da na ɗora masa shi a tafin hannu, sai ya tsaya yana yi masa faɗa kamar wani ɓarawon da aka kama. Ya tashi ya taka ƙafar, ya sake takawa, ya bar tukwanensa ya je ƙarshen layi ya dawo don kawai daɗin tafiyar.

Masu zuwa kuwa iri-iri ne. Akwai wanda zai shimfiɗa hankici ya tattara farcensa kaf ya ƙulle, kada wani ya tsinta ya yi masa asiri, alhali duk dukiyarsa akuya ɗaya ce mai tari. Akwai malaman da sai ranar Juma'a, kuma sai ka fara da yatsan da suka ce, in ka kuskure a ja maka aya. Akwai ango, wanda zai zo ana jibi ɗaurin aure yana so a mayar da ƙafar da ta yi shekaru a kunyar gona ta koma ta ɗan birni. Mahauta farcensu yana warin kitse, masu gyaran babur nasu baƙi har abada, dillalan shanu kuwa ba sa daina ciniki ko kana riƙe da hannunsu, sai su fizge su nuna wani sa, ka kusa cire musu yatsa. Kuma duk wanda ya miƙo maka ƙafa sai ya miƙo maka da labarinsa. Na san wanda surukarsa ta hana shi sakat, na san wanda ya sayar da taki ya ce wa 'yan'uwansa sace shi aka yi. Ban taɓa kai maganar wani wurin wani ba, ba don tsoron Allah kaɗai ba, har da tsoron rasa ƙafa.

Wata rana wasu 'yan'uwa biyu suka zo ƙofar dagaci a kan iyakar gona. Ƙanin ya ce wan ya ci masa kunyar shuka guda, wan ya ce ai tun zamanin ubansu bishiyar kukar ce iyaka. Kowa ya zo da sanda, dagaci kuma ya tafi jana'iza, sai jira. Ina wucewa ina kaɗa almakashi wan ya kira ni. Ƙanin ya ga haka, ya ce shi ma ba a fi shi farce ba. Na gama da wan, na koma kan ƙanin. Kafin dagaci ya dawo, ɗaya ya jingina da bango yana minshari, ɗayan yana murza yatsunsa yana kallonsu kamar sababbi. Da aka tashe su aka ce su faɗi ƙararsu, sai wan ya ce a bari sai wani makon, yau jikinsa ya mutu. Har yau ba su shirya ba, 'ya'yansu ma sun gaji rigimar. Amma ranar ba a fasa kan kowa ba.

Babban mai ba ni ciniki a lokacin shi ne Alhaji Bala, dillalin gyaɗa. Mutum ne mai tumbi, irin wanda yake shiga ɗaki kafin mai shi. Tun da ya dawo daga aikin Hajji na farko bai ƙara ganin yatsun ƙafarsa ba, ni nake ba shi labarinsu. Duk ranar kasuwa zai zauna a bencin ƙofar sitonsa, ya ɗora mini ƙafa a cinya, yana yi wa masu awo tsawa. Ina kaiwa kan diddige sai muryar ta fara sauka. Yaransa sun gane haka, duk mai son ya roƙi wani abu sai ya jira na fara jan yatsu. A nan ake ba da izinin zuwa biki, a nan ake yafe buhun da ya jiƙe.

Ana haka shekarar nan ta zo. Baba Modu ya riga ya rasu, Allah ya ji ƙansa, bai ga abin da muka gani ba. Rediyo ta fara magana safe da yamma a kan cutar nan mai karya garkuwar jiki, ana cewa ana ɗaukarta ta reza da aska da almakashin yankan farce. Sai kuma wani direban babbar mota a yankinmu ya kwanta ciwo, ya rame, ya rasu. Kowa ya san inda yake sauka in ya yi lodi zuwa kudu, amma mamaci yana da dangi, almakashi kuwa ba shi da kowa. Aka ce ai wurin yankan farce ya ɗauko. Ni ban taɓa riƙe ko ɗan yatsansa ba, da haƙori yake cin nasa.

Akwai wani malamin asibiti a ƙaramin asibitin yankinmu, Malam Nura. Dogo ne siriri, kullum cikin farar riga, kuma babu wanda zai rantse ya taɓa ganin haƙoransa. Yara in sun ƙi cin tuwo da sunansa ake tsorata su. Shi aka ba lasifika yana zagaya kasuwa yana gargaɗi. Duk abin da yake faɗa, kalma biyu kawai mutane suke kamawa, almakashi da mutuwa.

Kafin wata ya zagayo, in na kaɗa almakashi a bakin kasuwa sai ka ga mutane suna janye ƙafafu suna cusa su ƙarƙashin riga. Mai shayin da na saba zama wurinsa ya ware mini kofi na daban. Wanzamai ma abin ya taɓa su, amma su suna da kaciya da sunan jarirai, dole a neme su. Mu kuwa babu wanda dole ta sa ya nemo mu. Abokan sana'ata biyu suka sayar da kayansu suka tafi kudu gadi. Ni na gwada tallan rake, na gwada leburancin gini a Gezawa, inda ɗan kwangila ya dube ni ya ce hannuna ya yi laushi kamar na mai kitso. Gidan dai ƙuli-ƙulin Hansai ne ya riƙe shi. Daminar kuma ta zo da ƙarancin ruwa, geron da na samu bai kai mu tsakiyar rani ba. Wani maƙeri ya taya almakashina babba, ya ce zai yi wuƙar yankan kubewa da shi. Na ce masa ya ba ni kwana biyu in yi shawara.

A wannan tsakanin mutane suka koma yankan farcensu da kansu, kuma na ga abin da ya biyo baya. Rabin majalisa yatsa ɗaure da tsumma. Wani ya sa lauje. Wani ya ba matarsa reza ranar da suka yi faɗa, ya yi mako yana sallah a zaune.

Alhaji Bala shi ne ya fi kowa shiga uku, don ko da ya so ya yanka da kansa hannunsa ba ya kaiwa. Ya sa yaransa, suka ji tsoro. Farcen ya yi ta tsiro har ya huda safa, ya fara cin gaban takalminsa mai tsada. A masallaci in an ce a daidaita sahu, na kusa da shi sai su bar masa fili. Daga baya na ji matarsa Hajiya ma ta ce ko dai a yanke abin nan ko ya riƙa kwana da takalmi, don ta gaji da tashi da ƙwabri duk karce. Ran nan da azahar, rana ta take, kasuwa ba ta ci, ya aiko a kira ni, amma in biyo ta bayan sito, kuma in bar almakashin ya yi shiru. Na same shi a can ciki a bayan buhuna, yana gumi, kamar mai shirin sayen kayan sata. Na yi masa aikin a cikin duhun sito da ƙurar gyaɗa. Da na gama ya sallame ni da kyau, ya ce kada kowa ya ji.

Wannan ɓoyon ne ya ba ni haushi fiye da yunwar. Na fito daga siton ban nufi gida ba, sai asibiti. Na sami Malam Nura yana wanke hannu. Na zazzage jakata a kan teburinsa, na ce masa ga kayan kisan, ya nuna mini wanda ya kashe direba, in kuma babu, ya gaya mini abin da zan ba 'ya'yana su ci. Na zo da shirin faɗa, har na tanadi zagin barbarcin da na gada wurin Baba Modu.

Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki wuƙar ya juya ta, ya tambaye ni ko nakan yi kuskure in fitar wa mutum jini. Na ce wanda ya ce bai taɓa ba maƙaryaci ne. Ya tambaya da me nake goge ta kafin in sa wa na gaba. Na nuna masa tsumman. Ya dubi tsumman nan, ni ma na dube shi, kuma gaskiya ranar ne na fara ganinsa da idon baƙo. Ya ce shi bai taɓa cewa a daina yankan farce ba, cewa ya yi a tsabtace ƙarfen, kuma ba cuta ɗaya ba ce, har da ciwon hanta. Ya zaunar da ni ya nuna mini yadda zan wanke kayan, in jiƙa su a ruwan maganin da ya zuba mini a kwalba, in goge da auduga da sifirit, in kuma bi bakin ƙarfen da wuta a gaban mai ƙafar don hankalinsa ya kwanta. Ya ce in ƙara almakashi, ɗaya yana aiki ɗaya yana jiƙe, wanda kuma yake da hali ya sayi nasa ya riƙa zuwa da shi. Tsumman kuwa da kansa ya ɗauke shi da tsinke ya jefa a wuta.

Na ce masa duk na ji, kuma ya fi ni gaskiya. Amma lasifikarsa ce ta kore su, ba kuma za su dawo don ni na rantse ba.

Ya ce, "To me kake so in yi?"

Na ce, "Ranar kasuwa ka zo ka ba ni ƙafarka."

Na ɗauka zai kore ni. Sai ya ce zai zo bayan azahar.

Ya kuwa zo, da farar rigarsa da lasifikarsa. Na ajiye kujerata a tsakiyar kasuwa, daura da siton Alhaji Bala. Malam Nura ya yi wa mutane bayani, na wanke ƙarfe a gabansu, na kunna wuta na bi bakin almakashi. Ya zauna ya cire takalmi da safa, fuskar nan a ɗaure kamar zai yi allura. Mutane suka kewaye mu, har masu awo suka bar mudu.

Yatsun hannu lafiya lau muka gama. Da na ɗago ƙafarsa na sa soso a tafin, sai na ji ta yi wani zillo. Na ɗauka tsoro ne. Na sake gogawa, sai na ji wani sauti ya fito masa ta hanci. Ashe mutumin nan da duk yankin ake tsoro, cakulkuli ne ba ya iya jurewa ko kaɗan. Ya cije leɓe, ya riƙe benci, ya dubi sama. Ni kuwa da na gane, Allah ya yafe mini, sai na ga ai tsakanin yatsun nan akwai dattin da sai an bi shi a hankali. Dariyar ta ƙwace masa. Ba irin ta manya ba, wata siririya ce mai shiƙa kamar ta 'yan mata a bakin rijiya, ga hawaye, yana dukan benci yana cewa in bari, ƙafar kuma bai janye ba. Lasifikar tana kan cinyarsa a kunne, har 'yan awaki a ƙarshen kasuwa sai da suka ji.

Kasuwa ta kwashe gaba ɗaya. Wata tsohuwa mai daddawa ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Mutane sun daɗe ba su yi irin wannan ba, ga fari, ga tsoron cuta, kowa fuska a murtuke. Da Malam Nura ya samu ya tsaya da ƙafafunsa, ya goge ido, ya mayar da fuskarsa yadda take, ya biya ni a gaban kowa, ya ce wa jama'a su tabbata sun ga an wanke an ƙona kafin su miƙa. Babu wanda ya ƙara jin tsoronsa kamar da, kuma na ji an ce tun daga lokacin mata suka fi kai yara rigakafi.

Kafin ya gama ɗaura takalmi mutane sun yi layi, duk da tsummokaransu a yatsu. Ban ce ciniki ya dawo rana ɗaya ba, wasu sai da aka shekara, wasu har suka mutu ba su sake ba ni ƙafa ba. Maƙerin dai na aika masa ya nemi wani ƙarfen.

A ranar dai, ina cikin aiki sai ga Alhaji Bala ya fito daga sito, ya sa an kawo bencinsa waje, ya ce a matsa masa shi ne babba. Farcensa ko mako bai yi da yankewa ba, ni da shi muka san haka, babu abin da zan cire. Ya zaro sabon almakashi daga aljihu, a takardarsa, ya ɗaga yadda kowa zai gani, ya ce shi dama bai taɓa yarda da surutun mutane ba. Na karɓa. Na jiƙa, na kankare abin da babu, na koma kan diddige.

A lokacin an gama loda masa babbar mota da gyaɗa za ta Kano, direba yana jiran Alhaji ya zo ya sallame shi, yana ta danna ham don rana ta yi sanyi. Ɗan kamasho ya zo ya durƙusa ya ce Alhaji, direba ya ce dare zai yi masa a hanya. Alhaji ya riga ya jingina da bango, hula ta zamo masa kan hanci. Ko ido bai buɗe ba.

Ya ce, "Ka ce masa ya kashe motar. Saura ta hagu."